Hanyar Shiga Makarantar Likita

Bayani ga Iyayen Ƙasa da Hakimai da Malamansu a ƙasashen Rabah da Wurno da Goronyo

Babu Uban Ƙasar da bai san yawan kukan da talakawa su ke kawowa game da sha'anin lafiya ba. Mace ta kwana tana naƙuda a Rara, ko yaro ya kamu da sanƙarau cikin bazara, sai a shiga neman mota a nufi Rabah, in abin ya gagara a wuce Sakkwato. Sau da yawa ɗakin magani yana nan tsaye, mai duba marar lafiya ne babu. Likitan da aka turo daga nesa ba safai ya kan daɗe a ƙauye ba. Wanda a ke sa ran ya zauna shi ne ɗan ƙasa, wanda ya san harshen mutane da halinsu, iyayensa kuma suna kusa.

To, likita kuwa ba a naɗa shi da rawani, ba a kuma gadon aikinsa. Ƙofa ɗaya ce a ke shiga, watau jarrabawa. Yara da yawa masu kai su kan rasa wannan ƙofa tun ba su zauna ɗakin jarrabawa ba, saboda waɗansu abubuwa ƙanana da ke hannun iyaye da Hakimai da magatakarda. Wannan takarda za ta bayyana yadda hanyar ta ke, da abin da ya wajaba a kan kowa.

1. Asalin al'amarin

Neman ilmin magani ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu cikin 1837 aka binne shi a Wurno, ya wallafa littattafai a kan magunguna, har da na ciwon ido da na basur. Amma likitancin asibiti ya daɗe bai kai hannun 'yan Arewa ba. Na farkonsu shi ne Dakta R. A. B. Dikko, mutumin Wusasa ta Zariya, wanda ya yi karatu a Birmingham ta Ingila, ya kama aikin Gwamnati cikin 1940. An buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun cikin 1948, amma 'yan Arewa kaɗan ne ƙwarai su ka sami shiga, domin makarantun sakandare ba su da yawa a lokacin.

Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah, ya kuma riƙe ƙasar Rabah tun daga 1934, ya ga wannan rashi da idonsa. A zamanin da ya ke Firimiya aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin 1962, ita kuwa ta fara koyar da likitanci cikin 1967. Cikin 1975 aka kafa Jami'ar Sakkwato, wadda aka sake wa suna Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo cikin 1988. Tana da kwalejin koyon aikin likita, da babban asibitin koyarwa a cikin birnin Sakkwato. Ashe ke nan abin da Dakta Dikko ya ƙetare teku ya nemo, yau ɗan Rara zai iya samunsa a tafiyar da ba ta kai ta yini ba.

2. Matakai uku

Mai neman shiga makarantar likita sai ya haye matakai uku, ba a tsallake ko ɗaya.

Na farko shi ne jarrabawar fita sakandare, ta hukumar WAEC ko ta NECO. Tilas yaro ya sami kiredit a fanni biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Jami'o'i da yawa ba su karɓa don likitanci sai an ci biyar ɗin duka a zama ɗaya.

Na biyu shi ne jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa cikin 1978 don ta riƙe ƙofar shiga manyan makarantu na Nijeriya. Ita ce jarrabawar da yara ke kira da sunan hukumar.

Na uku shi ne tantancewar da kowace jami'a ke yi da kanta bayan sakamakon JAMB ya fito. An fara wannan cikin 2005. Wata jami'ar ta kan sake yi wa yara jarrabawa, wata kuwa ta kan haɗa makin JAMB da sakamakon sakandare ta fitar da jimla.

Ban da waɗannan, sai yaro ya cika shekara 16 da haihuwa.

3. Yadda jarrabawar JAMB ta ke

Mai neman likitanci fanni huɗu ya ke ɗauka. Turanci wajibi ne ga kowa. Sauran ukun su ne Bayoloji, watau ilmin halittu masu rai, mutum da dabba da tsiro da ƙwayoyin cuta; da Kemistiri, watau ilmin sinadarai da yadda su ke haɗuwa, wanda shi ne tushen sanin magani; da Fiziks, watau ilmin ƙarfi da zafi da haske da sauti da lantarki, wanda da shi a ke gane awon jini da hoton ƙashi. Yaron da ya sa wani fanni a madadin ɗaya daga cikin waɗannan, ko ya ci maki nawa ba za a ba shi likitanci ba.

Tambayoyi 180 ne: 60 na Turanci, 40 kuma ga kowane ɗaya na sauran ukun. Kowace tambaya tana da amsa huɗu, yaro ya zaɓi ɗaya. Lokacin da a ke bayarwa awa 2 ne. In an raba, kowace tambaya ta sami daƙiƙa 40 ke nan, watau gwargwadon abin da mutum zai ɗaura rawani rabi. Jimlar maki 400 ne, 100 ga kowane fanni. Ba a rage wa yaro maki don ya ba da amsar kuskure, saboda haka ba shi da dalilin barin wata tambaya ba amsa.

Ya kamata a san nauyin abin. Cikin 2024 yara fiye da miliyan 1.8 su ka zauna wannan jarrabawa a Nijeriya, fiye da kashi uku cikin huɗu kuwa ba su kai maki 200 ba. Likitanci yana cikin fannonin da aka fi rububi, gurabe kuwa ƙayyadaddu ne, domin Majalisar Likitoci ta Nijeriya, wadda aka kafa cikin 1963, ita ke yanka wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Don haka makin da zai shigar da yaro wani fanni ba zai ko kai shi bakin ƙofar likitanci ba. Sai ya yi wa 200 nisa ƙwarai.

4. Ba a fafe gora ranar tafiya

Yawancin iyaye sai sun ji an fara sayar da takardar JAMB sa'an nan su ke tashi. A lokacin kuwa aikin gama ya riga ya gama, domin tambayoyin daga karatun shekara uku a ke ciro su, tun daga aji huɗu na sakandare har aji shida.

Ranar da yaro ya shiga aji huɗu a ke raba ɗalibai, waɗansu ajin kimiyya, waɗansu ajin adabi ko na ciniki. Wanda bai shiga ajin kimiyya ba ya fita daga hanyar likita tun daga ranar, ko shi bai sani ba. Ya kamata Hakimi ya nemi shugaban makaranta ya gaya masa sunayen yaran ƙasarsa da su ka fi ƙoƙari a Lissafi da kimiyya a aji uku, maza da mata, ya kira iyayensu ya yi musu bayani.

Har wa yau ya kyautu Uban Ƙasa ya riƙa kai ziyara makarantar da ke ƙasarsa, ya yi tambaya uku. Akwai malamin Fiziks? Akwai malamin Kemistiri? Ɗakin gwaje-gwaje yana da kayan aiki, ko a kulle ya ke? Jarrabawar fita sakandare tana da sashen gwaji da hannu, yaron da bai taɓa riƙa kwalbar awo ba kuwa ba zai iya ba. In akwai rashi, sai a rubuta wa Ma'aikatar Ilmi, a kuma maimaita har a sami amsa. In an turo masu bautar ƙasa da su ka karanta kimiyya, a ba su masauki mai kyau a girmama su, domin su zauna. Inda makarantar gari ba ta da ajin kimiyya, a taimaki yaro ya nemi shiga makarantar kimiyya, irin ta Farfaru a Sakkwato.

Babban dutsen da ke gaban yaran wannan yanki shi ne Turanci. Dukan tambayoyi da Turanci a ke yinsu. Yaro ya kan san amsa sarai, amma daƙiƙa 40 ɗinsa su ƙare wajen juya tambayar zuwa Hausa a zuciyarsa. Maganin wannan shi ne karatu a bayyane kowace rana, ko da shafi biyu ne, da sauraron labarun Turanci a rediyo. In malami ya bayyana darasi da Hausa don a gane, sai ya sa yaro ya mayar masa da Turanci. Akwai kuma littafin labari guda da hukumar JAMB ke sa wa a karanta, a kan sake shi lokaci lokaci, a kan kuma ciro tambayoyi daga cikinsa.

Hukumar tana fitar da manhajar kowane fanni kyauta a intanet. A buga ta a takarda, yaro ya riƙa bi yana sa alama a kan abin da ya gama. A nema masa tambayoyin shekarun baya, ya riƙa amsawa da agogo a gabansa, ya kuma ajiye littafi guda na rubuta duk inda ya yi kuskure. Yara huɗu ko biyar su haɗu suna yi wa juna tambaya ya fi kowa ya zauna shi kaɗai.

Akwai wani abu da ya shafi ƙasashen fadama musamman. A kan yi rajista a farkon shekara, a yi jarrabawa cikin bazara. Waɗannan watanni kuwa su ne na ban ruwa da cirar albasa da tafarnuwa a fadamun Wurno da Goronyo, lokacin da kowane magidanci ke bukatar hannu. Uba ba zai yi wa ɗansa mugunta da gangan ba, amma in ba a gaya masa ba, zai ga yaro zaune da littafi ya ɗauka lalaci ne. Maganar Hakimi ita ce za ta sa a ɗauke wa yaro aikin gona na wata uku. Zafin rana kuma ya kan wuce awo 40 a wannan lokaci, saboda haka karatun bayan sallar asuba ya fi zama a kai.

5. Suna da takardu

Nan ne aikin magatakarda ya fi nauyi, nan ne kuma a ke yin hasarar da ta fi ban takaici.

Tun daga 2021 ba a yi wa yaro rajistar JAMB sai yana da lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda a ke kira NIN. Hukumar JAMB ba ta tambayar yaro sunansa ko ranar haihuwarsa, daga wannan lamba ta ke ɗaukowa. Daga baya jami'a za ta jera takardunsa duka: ta haihuwa, ta firamare, ta sakandare, ta JAMB, da takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma. In ba su zo daidai ba, sai a tsai da shi.

Ga misali. Yaro ne a ke kira Mamman a gida. A firamare aka rubuta shi Muhammadu da sunan ubansa. A sakandare ya ƙara sunan garinsu, Rara, kamar yadda 'yan makaranta su ka saba. Wajen ɗaukar NIN kuma aka rubuta Mohammed, aka sa masa ranar haihuwa 1 ga Janairu don ba wanda ya tuna ta gaskiya. A idon mutanen gari yaro ɗaya ne. A idon kwamfuta mutum uku ne. Gyaran wannan ya kan ci kuɗi da makonni, wani lokaci har a rufe rajista ba a gama ba, shekara guda ta tafi a banza.

Saboda haka ya kamata kowane magatakarda ya buɗe littafi na yaran ƙasarsa da ke ajin kimiyya. A zauna da uban yaro a tsai da suna ɗaya, da rubutunsa harafi harafi, da jerinsa, da ranar haihuwa ɗaya. A nemi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A yi NIN tun yaro yana aji huɗu ko biyar, kada a jira cunkoson watan rajista. Duk wasiƙar da Hakimi zai sa wa hannu don neman takardar asali, a gwada ta da wannan littafi tukuna.

Lambar wayar da yaro ya yi rajista da ita ta zama tasa shi kaɗai. Yara biyu ba su tarayya a lamba ɗaya, kuma ta nan saƙonnin hukuma za su riƙa zuwa. Kada a yi da layin maƙwabci ko na mai shago, kada kuma a bar layin ya ɓace.

Ba a yin rajista sai a cibiyar kwamfuta da hukumar ta amince da ita. A can a ke ɗaukar hoton yaro da zanen yatsunsa goma, da su kuma za a gane shi ranar jarrabawa. Hukumar ta sha yin gargaɗi cewa ƙunshin lalle ya kan hana na'ura karanta yatsa. A gaya wa iyaye mata, yarinyar da za ta yi rajista ko jarrabawa kada ta yi ƙunshi a yatsu, ko da bikin gidansu a ke yi.

Wajen cika takarda, yaro ya sa jami'ar da ya ke so a zaɓin farko. Jami'o'in da a ke rububi ba safai su kan dubi wanda ya sa su na biyu ba.

6. Kwamfuta da ranar jarrabawa

Tun daga 2015 da kwamfuta kaɗai a ke yin jarrabawar JAMB. Wannan bai kamata ya tsorata kowa ba, domin maɓallai kaɗan a ke bukata: A, B, C da D na zaɓen amsa, N na wucewa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Amma yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba ya kan ɓata rubu'in lokacinsa cikin rawar jiki. Hukumar ta kan yi jarrabawar gwaji kafin ta gaskiya, ga wanda ya nema wajen rajista. Kuɗin da aka kashe a kanta bai tafi a banza ba.

Kwanaki kaɗan kafin jarrabawa yaro zai buga takardar da ke nuna masa rana da lokaci da cibiya. Waɗansu a kan kira su tun da sassafe. Ga halin da hanyoyin gabashin Sakkwato su ka shiga na rashin tsaro a shekarun nan, bai kamata yaro ya kama hanya da duhu ba. A tafi tun ana gobe, da rana, yara a haɗe tare da babba, a sauka wurin dangi ko wurin da Uban Ƙasa ya shirya. Ba a shiga ɗaki da waya ko agogo ko wata takarda ban da ta shiga.

7. Bayan sakamako ya fito

Tun daga 2017 duk shiga jami'a ta kan bi ta wani tsari na hukumar JAMB a intanet, mai suna CAPS. Tilas yaro ya sa sakamakonsa na sakandare a ciki, in ba haka ba ba za a dube shi ba. In an ba shi gurbi kuma, sai ya shiga ya nuna ya karɓa kafin wa'adi ya cika. Yaron ƙauye ya kan koma gona bayan jarrabawa, a ba shi gurbi bai sani ba. Magatakarda ya sa a riƙa dubawa kowane mako.

Jami'o'in Gwamnatin Tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 ga waɗanda su ka fi maki ko daga ina su ke, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani. Jihar Sakkwato tana cikin kewayen Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tana kuma cikin kashi na uku. Wannan dama ce babba, da takardar asali a ke cin moriyarta. Amma fa ba ta ɗauke wa kowa karatu, domin a cikin 'yan jiha ma wanda ya fi maki a ke ɗauka.

Karatun likita shekara 6 ne. Bayansa akwai shekara guda ta aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, da shekara guda ta bautar ƙasa. Iyaye su san wannan tun da wuri, a kuma nemi taimakon Hukumar Tallafin Karatu ta Jiha da na masu hali na gari.

8. 'Yan mata

Kowa ya san akwai matan da su kan ɓoye ciwo har ya yi tsanani don kunyar likita namiji, akwai kuma mazan da ba su son kai iyalinsu asibiti saboda wannan. Maganin abin likita mace ne, ita kuwa daga cikin 'yan matan gari za ta fito. Dokar jami'a ba ta hana matar aure karatu. In maganar aure ta taso wa yarinya mai ƙoƙari, Uban Ƙasa yana iya zama da iyaye da mai nema a ƙulla sharaɗin za ta ci gaba.

9. Gargaɗi

A kowace shekara a kan sami mayaudara masu cewa za su kawo amsa kafin jarrabawa, ko su ƙara maki, ko su sayar da gurbi. Duk ƙarya ce. Dokar hana satar jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri, hukumar kuma ta kan soke sakamako. Ko da an tsira, wanda ya shiga da sata ba ya wuce jarrabawar shekarar farko. In kuwa ya wuce, ran talakawa ne za a damƙa a hannunsa.

Wanda bai samu ba a karo na farko kada a ce ya gaza. Yana iya sake zama baɗi, ko ya bi ta karatun share fage na IJMB. Akwai kuma fannin haɗa magunguna, da awon jini, da aikin jinya da unguwarzoma a Sakkwato, da Kwalejin Sarkin Musulmi Abdurrahman ta koyon aikin lafiya a Gwadabawa. Asibiti ba ya tafiya da likita shi kaɗai.

Ana roƙon Iyayen Ƙasa su sa a karanta wannan bayani a majalisarsu gaban Hakimai da masu unguwanni da limamai, a kuma aika da shi ga shugabannin makarantu. Magatakarda su buɗe littafin sunaye tun farkon zangon karatu mai zuwa. In kowace ƙasa ta tsaya wa yaro ɗaya da yarinya ɗaya a shekara, kafin yaran da ke aji huɗu yau su kai shekara 30 za a sami ɗan Rara yana duba marasa lafiya a ƙasarsu, in Allah ya yarda.

Haza wasalam.